Sunan da Juwairiyya Ta Tsallake

Da sunan Allah, wanda ya halicci harshe, ya kuma halicci kunyar da take ɗaure shi.

Juwairiyya 'yar Aujara ce, can aka binne cibiyarta. Gidansu gidan Fulani ne da suka daɗe da jingine sanda, sai 'yan shanun da suka rage a bayan gida da gonar gero. A cikin matan ɗakinsu ita kaɗai ta yi boko mai nisa, don mahaifinta, Allah ya jiƙansa, cewa ya yi wannan da in ta tatsi nono sai ta zubar da rabi, gara a kai ta inda ake riƙe biro. Aka kai ta kuwa. Ta gama sakandare, ta zo Dutse ta koyi aikin sakatariya, irin su buga takarda a kwamfuta da amsa waya da tsara wa manya wanda za su gani da wanda ba za su gani ba. Yarinya ce mai sanyin murya, in tana magana sai ka matso. Amma fa tarbiyyar gidansu tana nan daram, boko bai gutsuri komai a cikinta ba.

A Dutsen ta haɗu da Tasi'u, mai gyaran Adaidaita Sahu a bakin hanyar Kiyawa, mutumin da ko a gidan makoki sai an riƙe masa baki saboda barkwanci. Aka ɗaura aure, ta tare a gidansu a Yalwawa, sashe ɗaya nasu, sashe ɗaya na iyayensa. Mahaifin Tasi'u, Malam Abdulrauf, mu da ba surukansa ba muna iya faɗa, direban gwamnati ne tun yana saurayi, a wata 'yar hukuma mai raba wa manoma iri da taki. Saura ƙiris ya yi ritaya. Bai tara komai ba sai suna mai kyau. Abin alfaharinsa a duniya shi ne tun da ya kama sitiyari bai taɓa buge ko akuya ba, kuma ba a taɓa nemansa a wurin aiki aka rasa ba.

Baffa take ce masa. Tun da ta shigo gidan nan ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. In yana tsakar gida ba ta cin abinci, ba ta ɗaga murya ga yaranta. Gaisuwa daga nesa, a durƙushe, kai a ƙasa. Sunan kuwa, ko a kan wani ne ba ya fita daga bakinta. Akwai mai kanti a layinsu mai irin sunan, Mai Sunan Baffa take ce masa. Shi ma tsohon haka yake, in yana da saƙo sai dai ya bi ta bakin matarsa, Goggo Indo, ko ta bakin ɗansa. Ba gaba ba ce fa, girmamawa ce, a haka suka taso su duka.

To, ta daɗe a gida da takardunta a ƙarƙashin katifa, har ta yi haihuwa biyu. Sai gwamnati ta ce za a haɗe hukumar su Baffa da wata babba, su zama abu ɗaya. Aka ɗora wata mata a kan aikin haɗewar, Madam Kaneng, mutuniyar wajen Jos, amma ta tsufa a Dutse, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Sai aka yi dace sakatariyarta ta tafi hutun haihuwa, ana neman wadda za ta riƙe kujerar na 'yan watanni. Wani tsohon malamin Juwairiyya ya ambace ta.

Da ta gaya wa Tasi'u sai ya miƙe tsaye ya sara mata. Ya ce, "Ranki ya daɗe, sakatariya! Yanzu ni ma in ina son tuwo sai na cika takarda ke nan?"

Ta ce, "Kai dai ka gaya wa Baffa."

Amsa ta dawo ta bakin Goggo, wai Allah ya sa albarka. Babu wanda ya kawo komai a ransa, don ofishin su Baffa yana can wani gefen gari, nata yana nan.

Aikin fa ba na zama a sha iska ba ne. Gida biyu ake zubawa a tukunya ɗaya. Mutum biyu kowa yana cewa shi ne shugaban sashen kaza, kujera ɗaya. Fayil-fayil aka jibge mata har taga, na wannan hukuma da na waccan, ta dinga rarrabewa. Ita ke tuna wa Madam mitin, ita ke buga abin da aka tattauna, ita ke tsare ƙofa. Manyan mutane da manyan riguna su zo su tsaya mata a ka: "Madam tana ciki?" Aka koya mata ta riƙa cewa ba ta nan, ta ce ita ba za ta yi ƙarya a kan aikin 'yan watanni ba, sai ta riƙa cewa, "Tana ciki, amma ba ta ce a shiga ba." Madam ta ji, ta yi dariya har da buga tebur, ta ce a bar mata wannan yarinyar.

Ana haka sai aka kwaso motocin ƙaramar hukumar aka dawo da su harabar babbar. Wata safiya Juwairiyya ta leƙa taga, sai ga Baffa a gindin darbejiya tare da direbobi, yana goge gilashin motarsa. Daga ranar ta koma shiga ta ƙofar baya, shi ma bai ƙara bin ta gaban ofishin Madam ba. A haka suka lallaɓa, ba wanda ya san da wata alaƙa a tsakaninsu.

Sai maganar tantancewa ta taso. Aka ce za a duba ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, a fitar da na bogi, masu suna a takarda babu mutum. Mutanen ƙaramar hukumar suka tsorata, suna ganin da su za a yi shara. Shugaban ƙungiyar ma'aikatansu, Malam Mailafiya, mutum mai kaushin harshe, ya kafa sharaɗi: kowane suna a kira shi a lasifika a gaban jama'a, a kuma ɗauki muryar, kar gobe a ce an kira wane bai amsa ba. Aka yarda. Wanda aka kira ya fito ya ɗora yatsa a na'ura, wanda bai fito ba, to, ba shi.

Boaz, wani akawu a ofishin Madam, shi ne zai yi kiran. Ranar da kwamitin tantancewar ya zo, ya wayi gari da mura, murya ta dushe. Ya kama lasifika ya buɗe baki, sai ka ce ɗan tsako ya faɗa randa. Jama'a suka fashe da dariya, wani ya ce, "A ba shi citta!"

Madam ta juyo ta ce, "Juwairiyya, karɓi abin nan."

Ta karɓa. Ta fara kira. Sa'o'in ubanta take kama sunansu gatsal a bainar jama'a, sai ta riƙa liƙa musu Malam da Alhaji, har wani ɗan kwamiti ya ce, "Malama, yadda aka rubuta za ki karanta." Ta daina liƙawa ta ci gaba. Rana ta take, mutane suna fitowa suna komawa. Can ta juya shafi, aka shigo direbobi.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ga sunan Baffa nan a tsakiyar shafin. Wallahi sai ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi a baya. Harshenta ya manne a ganɗa. Ta ɗaga ido kaɗan, ga shi can a gindin bishiya, ya gyara hula, ya dafa gwiwa zai tashi. Ga lasifika a bakinta. Ga jama'a. Ba ta san lokacin da idonta ya zame zuwa layin ƙasa ba, ta kira na bayansa. Wancan ya amsa ya fito. Aka wuce.

A ranta cewa take, in an tashi sallar azahar zan raɗa wa Boaz, ko da wannan muryar tasa ya kira shi. Aka tashi salla, ta nemi Boaz, aka ce zazzaɓi ya rufe shi an kai shi gida. Aka dawo, layi ya ƙaru, ana ture-ture. Aka kira Madam wani mitin na gaggawa ta fita. Kafin la'asar 'yan kwamiti suka naɗe wayoyinsu, suka sa na'ura a mota, suka tafi. Ta duba gindin darbejiya, ba kowa.

Washegari ta shiga wurin Madam ta ce, "Ranki ya daɗe, akwai wani dattijo..." sai waya ta yi ƙara, daga wayar sai baƙi. Ita kuma ta rasa ta inda za ta kamo zancen ba tare da sunan ba. A gida Baffa bai ce uffan ba, ya ci tuwonsa, ya tafi masallaci. Sai ta lallashi kanta, ta ce ai dole za a sake zama don waɗanda suka rage.

Ba a sake ba. Farkon mako tana goge tebur ta hango mai kula da motoci ya tsaya a gaban Baffa, ya miƙa hannu. Tsohon ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya laluba aljihu ya ciro mukulli ya ɗora masa. Wani matashin direba, marar ta-ido, ya ce da ƙarfi, "Kai jama'a! Ashe Baba ma na bogi ne? To wa yake tuƙa motar, aljani?" Wasu suka yi dariya. Baffa ya ɗauki butarsa da dardumarsa ya nufi get a ƙafa.

Juwairiyya ba ta ƙwanƙwasa ba, ta faɗa ofishin Madam ta zube a ƙasa.

Madam ta ce, "Ke, lafiya? Wa ya mutu?"

Ta ce, "Ranki ya daɗe, direban da aka karɓe wa mukulli yanzu, yana nan ranar. Ni ce ban kira shi ba."

"Me ya yi miki?"

"Mahaifin mijina ne."

Madam ta cire gilashinta ta ajiye. Ta ce, "To sai me? Rigima kuke yi?"

"A'a. Ba na iya faɗin sunansa."

Madam ta ce, "Ya Ubangiji! Sunan ne kawai? Juwairiyya, sunan ne kawai? Mu ma muna da kunyar surukai, amma ke kin kori mutum daga aiki saboda ladabi! Me ya hana ki miƙo min takardar ki nuna da yatsa?"

Ita dai sai kuka. Madam ta ce ta tashi, za ta kira kwamitin a gyara a cikin ruwan sanyi. Ba ta rufe baki ba sai ga hayaniya a waje. Malam Mailafiya ne da mutanensa. Ya turo ƙofa ba sallama.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, mun saurari muryar da aka ɗauka. Ba a kira shi ba, tsallake shi aka yi. An fara da direbobi, gobe sai mu. Wa ya sa ta?"

Madam ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya dubi Juwairiyya sama da ƙasa, ya yi wata irin dariya.

"Kunya? Yarinyar da take tsare alhazai a bakin ƙofa kamar 'yar sanda, ita ce mai kunya? Ku gaya wa wani. Ni in na fita na ce wa mutanen can kunya ce, jifana za su yi. Bakin da ya tsallake shi, shi ne zai kira shi, a lasifika, a gaban kowa, su ji da kunnensu ba umarni aka ba ta ba. In ba haka ba, mu rufe get, kowa ya rasa."

'Yan kwamiti suka ce za su dawo sau ɗaya tak, jibi. In an kira ya amsa, shi ke nan. In ba a yi ba, rahoto zai wuce sama da sunansa a cikin na bogi, kuma abin da ya hau sama ba ya saukowa da sauƙi.

Da yamma gidan Yalwawa ya zama kamar an yi mutuwa. Tasi'u ya dawo da baƙin mai a hannu, bai ko wanke ba. Ranar babu barkwanci. Shi ya gaya mata abin da ya ƙarasa kashe mata jiki: wai Baffa ya sani tun a wurin. Shekara da shekaru sunansa yana tsakanin na wasu direbobi biyu a jerin sunaye, da ya ji an kira na gaba an kira na baya, ya gane. Ya ƙi tashi, don in ya tashi sai ya zo ya tsaya a gaban teburin surukarsa ya ce ba a kira ni ba, ya tona ta a gaban jama'a. Sai ya zaɓi ya zauna.

Juwairiyya ta ɗora hannu a ka. Ita ta yi shiru dominsa, shi ya yi shiru dominta, aiki ya tafi a tsakani.

Goggo Indo kuwa da ta ji sharaɗin, sai ta fito tsakar gida tana tafa hannu. Ta ce, "A lasifika? Matar ɗana ta kama sunan ubansa a lasifika, duk Dutse na ji? La'ilaha illallahu! Gara aikin ya tafi. Allah da ya tsaga baki ba ya hana shi abinci."

Tasi'u ya ce, "Goggo, ba aikin ba ne kaɗai. Ɓarawo fa ake ce masa. Yau a gareji wani ya tambaye ni wai da gaske ne babana bai taɓa zuwa aiki ba."

Ta ce, "Su faɗa! Bakin mutane iska ne. Amma in ta faɗi sunan nan, har jikokinta sai an yi musu gori. A Aujara ma me za a ce da uwarta?"

Baffa yana ɗaki yana jin su, bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Tarinsa kawai ake ji.

Da safe Juwairiyya ta biya wurin Malama Hindatu, mai koyar da su a Islamiyya, ta zayyana mata. Malama ta ce, "'Yata, faɗin sunan suruki ba zunubi ba ne a wurin Allah, al'ada ce, kuma kyakkyawa. Amma mutuncin Musulmi da haƙƙinsa, wannan za a tambaye ki. Ke kika rufe ƙofar, ke ce da mabuɗi." Ta ji, ta gode. Sanin abu daban, iya shi daban.

Ranar ta zo. Labari ya riga ya zaga, har waɗanda ba su da aiki a wurin sun cika harabar. Masu shara, masu gadi, masu sayar da shayi a bakin get, kowa ya zo ganin surukar da za ta kira sunan surukinta. Aka ajiye tebur, aka haɗa na'ura. Baffa ya zo da farar riga, ya zauna a gindin bishiyar, kansa a ƙasa. Madam ta miƙa mata lasifika da hannunta, ta ce a hankali, "Ki rufe ido in kina so."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta buɗe baki, ba abin da ya fito sai numfashi, lasifika ta ɗauka ta watsa. Wani ya ce, "Ba mu ji ba!" Malam Mailafiya ya daka masa tsawa, don shi kansa jikinsa ya fara sanyi. Ta yi bisimilla a zuci. Ta ce:

"Abdulrauf Arzika."

Gatsal, ba Malam, ba Baffa, da ƙarar da har bayan katanga aka ji. Wata tsohuwa mai shara ta saki tsintsiya ta ce, "Subhanallahi," ta toshe kunne.

Tsohon ya ɗago. Ya ce, "Na'am."

Ya miƙe ya tako, takun ya yi mata tsawo kamar daga Dutse zuwa Aujara. Ya zo gaban tebur, bai dube ta ba, ba ta dube shi ba. Ya ɗora yatsa, na'ura ta yi ƙara ta karɓa. Mai kula da motoci ya matso da mukulli, wannan karon da hannu biyu ya miƙa. Malam Mailafiya ya juya ga mutanensa ya ce, "To kun ji. Kowa ya koma bakin aikinsa." Juwairiyya kuwa Madam ta riƙo ta suka shiga ciki.

Kafin a tashi aiki Baffa ya aiko Boaz da roƙo wurin Madam, a mayar da shi reshensu na Kiyawa. Madam ta ce me ya yi zafi, ga shi an wanke shi? Ya ce a dai taimaka. Ta sa hannu. A Kiyawa ya ƙarasa aikinsa, kullum da sassafe Tasi'u yake kai shi a babur, har ya yi ritaya da takardarsa ta yabo, sunansa fes.

Goggo ta yi watanni ba ta cin girkin Juwairiyya, in an kai ta ce ta ƙoshi. Uwar Juwairiyya ta zo daga Aujara takanas, ta shiga sashen Goggo ta daɗe, ta fito ido jawur, ba ta ce wa 'yarta kin yi daidai ba, ba ta ce kin yi laifi ba. Juwairiyya kuwa ta ƙarasa watanninta, mai kujera ta dawo daga jego ta miƙa mata. Madam ta so ta nema mata gurbi na dindindin, ta ce a'a, ta gode. Yanzu tana nan Yalwawa da ɗan shagonta a jikin gida, tana buga wa ɗalibai da masu neman aiki takardu.

Matan unguwa har yau ba su daidaita a kan maganar ba, in ta taso a gidan suna sai an rabu gida biyu. Ita in an tambaye ta yadda ta iya, cewa take ba ta ji muryarta ba sam, amsawarsa kawai ta ji.

Allah ka rufa mana asiri, ka raba mu da ranar da ladabi da haƙƙi za su tsaya mana a ƙofa ɗaya.